Fentin ruwa: Dalilin da ya sa ya dace da mai koyon zane a Yamai, da abin da ke kayar da shi

Da la'asar sakaliya, idan rana ta karkata ta bayan Harobanda, kogin da ya ratsa birnin Yamai ba ya tsayawa a kan launi ɗaya. Yanzu ya yi ruwan ƙasa, an jima kaɗan ya koma ruwan goro, kafin a kira magariba ya zama toka-toka. Daga kan gadar Kennedy ana hango masu kwale-kwale, da masu wanki da suka shanya tufafi a gaɓa, da lambunan da suka bi bakin ruwa. Yawancin matasan da ke tsayawa kallo waya suke ɗagawa, su ɗauki hoto, su wuce.

Amma akwai waɗanda hoton waya ba ya isarsu. Suna so su zana abin da hannunsu, kuma da launi, ba da biro a bayan littafin makaranta kawai ba. A nan tambayar take tasowa: da wane fenti za a fara? Tambaya ce ta kuɗi kafin ta zama ta fasaha. Ɗalibi ko mai neman aiki da ya tara 'yan jakunkunansa na sefa ya sayi kayan da ba su dace da shi ba, da wuya ya sake saye karo na biyu. Sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da baiwa, alhali kayan ne suka ci amanarsa.

Fentin da ya fi dacewa da irin wannan matashi shi ne fentin ruwa, wanda masu jin Faransanci ke kira akwarel. Duk kayansa suna shiga ƙaramar jaka: ɗan akwati mai ƙwayoyin launi busassu, buroshi ɗaya ko biyu, takarda, tsumma, da kofin ruwa. Sai dai dacewar tana da sharuɗɗa, kuma biyu daga cikinsu, wato takarda da yanayin gari, sun fi tsanani a Yamai fiye da ƙasashen da ake rubuta littattafan koyon zanen.

Ɗan'uwan tawada ne

Mutane da dama suna ɗaukar fentin ruwa a matsayin kayan Turawa. Akwatin dai daga waje yake zuwa, amma abin da ke cikinsa ba baƙo ba ne. Manyan abubuwa biyu ake haɗawa a yi shi: garin launi da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, da ƙaro. Ƙaron shi ne yake riƙe garin ya manna shi a jikin takarda bayan ruwan ya bushe. Masu yinsa sukan ƙara zuma ko gilisarin kaɗan domin kada ƙwayar ta tsattsage, kuma ta riƙa narkewa da sauri idan jiƙaƙƙen buroshi ya taɓa ta.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan haɗin, ko da bai taɓa jin sunan akwarel ba. Tawadar da almajiri ke rubutu da ita gawayi ce ko baƙin tukunya da aka dama da ƙaro. Idan ta bushe a cikin kurtu, ba zubar da ita ake yi ba, ruwa ake ɗiga mata ta dawo. Idan ruwan ya yi yawa rubutun ya fito a kode, idan ya yi kaɗan alƙalami ya ƙi tafiya. Idan an haddace karatun, ruwa ne ke wanke allon. Waɗannan abubuwa, wato farfaɗo da launi da ruwa, auna kaurinsa, da ɗauke shi da ruwa, su ne darasin farko na fentin ruwa a ko'ina a duniya.

Haka ma launuka. A Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu, ana sa wasulla da jar tawada, wasu alamomin da rawaya ko kore. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka kuwa, zane ne na launuka masu narkewa a ruwa, da layuka da kusurwoyi da aka auna da ido da haƙuri. Mai zayyana ya san cewa sai launi ɗaya ya bushe ake kusantarsa da wani, in ba haka ba su cakuɗe su ɓata aikin. Mai koyon fentin ruwa a Faris ko Landan sai an koya masa wannan a aji. Yaron da ya tashi yana kallon malaminsa ya riga ya gani da idonsa.

Wannan dangantaka ta taɓa fitar da babban mai zane. Ibrahim El-Salahi, ɗan Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, kuma rubutun Larabci da ya koya tun yana ƙarami ya bi shi cikin zanensa har ya yi suna. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa.

Ƙaron da ke fita, ya dawo cikin akwati

Ƙaron da ya fi kyau a wannan aiki daga itacen dakwara yake fitowa, itacen da ke tsirowa a faɗin Sahel daga Senegal har Sudan. Bayan damina ake ɓare bawonsa, a bar shi makonni ya fitar da ƙaron ya daskare, sannan a bi a tsince. A Nijar an san yankunan Diffa da Gure da shi, a Najeriya kuwa Jigawa da Yobe da Borno. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a can cikin Afrilun 2023, kamfanonin lemon kwalba da alawa da magunguna suka shiga damuwa, domin dukkansu suna amfani da shi. A gida kuwa, shi ne dai wanda ake sa wa hula da shadda su tsaya.

Wato ƙaro yakan bar Sahel a buhu, ya dawo cikin akwatin roba da sunan kamfanin Ingila ko Faransa ko China a kai. Akwatin yana da nasa tarihin. A Turai an daɗe ana zane da launi mai ruwa. Hoton zomon da Albrecht Dürer na Jamus ya zana a 1502 har yau ana buga shi a littattafai. Amma a zamanin mai zane shi ke niƙa launinsa. Sai wajen 1781 wani mai sayar da fenti a Landan, William Reeves, ya fito da launi busasshe da aka yanka ƙanana kamar sabulu. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a 1832, ya zo ya sa gilisarin a ciki ya zama mai laushi. Daga nan fenti ya shiga aljihu, kuma matafiya, sojoji, masu binciken tsirrai da 'yan makaranta suka kama shi.

Masu zanen da suka zo Afirka da shi suka zo, saboda ba ya da nauyi kuma yana bushewa kafin a tashi daga wurin. Eugène Delacroix na Faransa ya cika littattafan aljihunsa da zanen Maroko a 1832. Paul Klee ya yi 'yan makonni a Tunisiya a 1914 ya koma da zanen fentin ruwa da suka sauya alƙiblar aikinsa. A Najeriya, Obiora Udechukwu da Tayo Adenaike, waɗanda suka fito daga sashen zane na jami'ar Nsukka, sun nuna cewa ba fentin yara ba ne. Da shi suka yi ayyukan da suka kai su dakunan baje koli na ƙasashen waje.

Me ya sa ba fentin mai ko akirilik ba?

Fentin mai shi ne wanda aka fi gani a manyan hotunan gidajen tarihi, don haka shi mai koyo ya fi kwaɗayi. Amma yana da buƙatu. Yana son ƙyalle na musamman da aka ɗaure a katako aka shafe, yana son man damawa, yana son sinadarin wanke buroshi mai ƙarfin wari. Sannan yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ya bushe. A ɗauki saurayin da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa biyu a Bukoki, ko budurwar da ba ta da wurin aiki sai tabarmar tsakar gida a Yantala. Ina za su ajiye ɗanyen hoto na mako guda, yara ba su taɓa ba, ƙura ba ta manne masa ba? Warin sinadarin kaɗai ya isa a kore shi daga ɗakin.

Akirilik ya fi sauƙi, domin shi ma da ruwa ake dama shi. Matsalarsa ita ce idan ya bushe ya zama roba, ruwa ba ya sake narkar da shi. A zafin Yamai, abin da aka matso a faranti yakan daskare kafin a yi amfani da rabinsa, kuma buroshin da aka manta ba a wanke ba ya tashi daga aiki. Duk wannan asarar kuɗi ce. Fentin ruwa kuwa ba ya asara. Abin da ya bushe a murfin akwati yau, gobe a ɗiga masa ruwa ya tashi. Akwati ɗaya mai launi goma sha biyu yana iya kai mai koyo watanni da yawa.

Akwai kuma guwash, wanda 'yan makarantar boko a ƙasashen renon Faransa suka fi sani. Shi ma ƙaro ne ke riƙe shi, amma yana da kauri, yana rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Ba abokin gaba ba ne. Farin guwash ɗaya a gefen akwati yana ceton zane da yawa.

Zane a waya ko kwamfuta fa? Yana da amfaninsa, kuma da shi ake samun aikin talla yanzu. Sai dai allo mai alƙalami yana da tsada, kuma yana jiran caji. Mazauna Yamai sun san abin da ake nufi da jiran wuta a watan Afrilu. Kofin ruwa da hasken rana ba sa ɗaukewa.

Sauƙin farawa daban, sauƙin ƙwarewa daban

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin bidiyoyin YouTube da TikTok ba sa faɗa. Ƙwararru da yawa suna ganin fentin ruwa ya fi sauran wuyar sarrafawa. Launinsa garai-garai ne, ana hango abin da ke ƙasa, don haka kuskure ba ya ɓoyuwa. Babu farin fenti a tsarinsa na asali. Farin takarda shi ne farin, kuma duk inda aka shafa wa launi ba ya komawa fari tas. Dole a fara da launi mai haske a bi da mai duhu. Sannan idan ya bushe yakan yi haske fiye da yadda yake a jiƙe, sai mai koyo ya ga sararin samaniyar da ya yi wa shuɗi mai kyau ta koma kamar tsohuwar atamfa.

To me ya sa duk da haka ya dace da mai koyo? Saboda kuskurensa ba shi da tsada kuma ba ya cin lokaci. Mai fentin mai zai iya shafe mako biyu a kan hoto ɗaya yana gyara a kan gyara, bai gane inda ya kauce ba. Mai fentin ruwa a zama ɗaya zai yi ƙananan zane biyar, huɗu su lalace, kuma kowanne ya nuna masa dalilin lalacewarsa a fili: nan ruwa ya yi yawa, nan an koma kan launi bai bushe ba, nan an haɗa launi huɗu suka zama taɓo. Hannu da yawan maimaici yake koyo, kuma babu fentin da ke ba da damar maimaici da araha kamar wannan.

Abu na biyu, yana tilasta wa mutum ya kalla kafin ya taɓa. Tunda ba a mayar da fari, sai an tsaya an tambayi kai: ina haske ya fi ƙarfi a abin nan? Farar rigar mai kwale-kwale ce ko ƙyallin ruwan? Sai a kewaye wurin a bar shi. Wanda ya saba da wannan tambaya zai tafi da ita duk inda ya koma, ko fentin mai, ko ɗaukar hoto, ko zanen gini.

Abu na uku, yana koyar da haɗa launi. Mai koyo ba ya buƙatar akwati mai launi talatin da shida, hasali ma cutar da shi zai yi. Ja, rawaya da shuɗi, da ruwan ƙasa ɗaya, sun isa a fitar da koren ganyen dogonyaro, da launin katangar laka, da inuwar rumfa. Inuwa ba baƙa ba ce. Shuɗi da ruwan ƙasa ake haɗawa a same ta. Ranar da mai koyo ya gano wannan da hannunsa, ranar ce zanensa ke daina kama da na littafin firamare.

Takarda ce tarkon

Mafi yawan waɗanda suka gwada fentin ruwa suka bari, takarda ce ta kore su ba tare da sun sani ba. Takardar da ake buga rubutu da ita a ofis nauyinta giram 80 ne a murabba'in mita. Da ruwa ya taɓa ta sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin, idan an koma da buroshi ta fara saɓulewa. Takardar fentin ruwa ta sosai giram 300 ce, kuma an yi mata wani shafi da ke hana ta shanye ruwa nan take, sai launin ya zauna a sama ya ba mai zane lokacin juya shi. Mafi inganci ta auduga ce zalla, irin ta Arches ko Fabriano. Akwai ta itace mai rangwame, irin wadda Canson ke yi wa ɗalibai, kuma ta isa mai koyo.

Saboda haka idan kuɗi bai kai a sayi komai mai kyau ba, a sayi fenti matsakaici da takarda mai kyau, ba akasin haka ba. Araha ba ta ado, kuma a nan takarda ce ta fi nuna hakan.

Matsalar ita ce duk irin wannan takarda shigo da ita ake yi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin Cedeao ya toshe hanyar Kwatano da akasarin kayan Nijar ke bi. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin, kaya suka koma bin dogon zango ta Lome da Burkina Faso. A irin wannan hali ɗan kasuwa shinkafa da magani zai fara tunawa, ba takardar zane ba. Mai koyo a Yamai dole ya yi tattali: ya yanka babban falle gida huɗu ko takwas, ya yi amfani da gaba da baya, ya yi gwajin launi a ragowar gefe. Ƙaramin zane mai girman tafin hannu yana koyar da abin da babba zai koyar. Idan takardar ba ta kai giram 300 ba, a liƙe gefunanta huɗu a jikin katako da salatif na takarda, kada a cire sai ta bushe sarai.

A nan 'yan'uwan da ke waje suke da abin yi. Wanda zai aiko wa ƙaninsa tsaraba daga Faransa, Beljiyam, Kanada ko Amurka, kundin takardar fentin ruwa ɗaya da buroshi mai kyau ɗaya ba za su cika masa akwati ba. Buroshi zagayayye mai tsini, lamba takwas ko goma, yana yin shafi mai faɗi da cikinsa, ya ja siririn layi da bakinsa. Ba sai na gashin dabba mai tsada ba. Na roba na zamani suna aiki.

Yaƙi da iska

Littattafan koyon fentin ruwa an rubuta su ne a ƙasashe masu laima, inda ƙorafin mai zane shi ne takarda ta ƙi bushewa. A Yamai akasin haka ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, a hunturu kuma iska ta bushe ƙayau. Shafin da ake cewa zai yi minti biyu ko uku a jiƙe, a nan kafin a sake tsoma buroshi bakinsa ya bushe, sai a samu layi a tsakiyar sararin sama inda ba a so. Mai koyon da ke bin bidiyon wani Bature zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba.

Maganin ba wuya. A dama launi da yawa a ajiye tun kafin a fara shafi, kada a tsaya haɗawa a tsakiya. A jiƙa takardar da ruwa mai tsabta kafin a sa launi. A yi aiki a inuwa, nesa da fanka, kuma da sassafe ko bayan la'asar. Ƙaramar kwalbar fesa ruwa tana taimakawa, haka ma ɗigon gilisarin ɗaya a kofin ruwa, wanda ake samu a kantin magani. Kuma a yi ƙaramin zane, domin ƙaramin fili ake iya gamawa kafin iska ta riga mutum.

Bushewar tana da nata alherin. Salon da ake shafa launi, a bari ya bushe, a sake shafa wani a kai domin ya yi zurfi, yana cin lokaci a Turai har wasu na amfani da na'urar busar da gashi. A Yamai iska ce ke yin aikin kyauta. Damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin koyon salon da ake sa launi a jiƙaƙƙiyar takarda a bar shi ya bazu da kansa, wanda da shi ake zana hadari. Ruwan kogi bai dace da damawa ba saboda laka. Na famfo ko na leda ya fi.

Me za a zana?

Wannan tambaya a Yamai tana da ɓangaren addini, kuma iyaye sukan yi ta kafin su saki kuɗin fenti. Malamai sun yi saɓani a kan zana abu mai rai, amma zanen itatuwa, gine-gine, kogi da sauran abin da ba shi da rai, jama'ar malamai ba su hana ba. An yi sa'a, a nan ne fentin ruwa ya fi ƙarfi. Sama, ruwa, ƙura, hayaƙi, inuwar bishiya a jikin bango, su ne abubuwan da yake fitarwa da shafi biyu, inda sauran fenti ke shan wahala.

Kogin kansa makaranta ne. Sau biyu yake cika a shekara a Yamai. Cikar farko a Agusta da Satumba ce, lokacin da ruwan sama ke kwararowa ta rafukan Sirba, Dargol da Gorouol ɗauke da jar ƙasa, har ake kiranta jar ambaliya. Ta biyu takan zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya yi watanni a hanya, ya iso ya riga ya sauke lakarsa, launinsa ya fi duhu. Wanda ya zana wuri ɗaya a bakin gaɓa a Satumba, ya koma a Janairu, ya sake komawa a Mayu lokacin da tsibiran yashi suka fito, ya koyi abin da babu ajin da zai koya masa a kan launi. Kuma bayan ambaliyar 2020 da ta 2024, mazauna bakin kogi sun san cewa katangar da aka zana bana ba lallai a same ta baɗi ba.

Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, wuri ne da mai koyo zai zauna a inuwa ya yi awa biyu. Gine-ginensa farare masu adon shuɗi irin na ginin Hausa darasi ne a kan barin farin takarda. A can ma masu sana'ar hannu suke aiki, maƙeran azurfa, dukawa da masaƙa, kuma kayan aikinsu a ajiye ba sa motsi, suna jiran mai zane. Wanda ba ya son fita kuma, buta, tulu, ƙwaryar goro ko tarin mangwaro a faranti sun ishe shi wata guda.

Garin yana da wanda za a yi koyi da shi wajen farawa da abin da ke hannu. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942 ya rasu a 2015, da zane ya fara kafin ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da hannu aka zana shi. A Oktoban 2024 hukumomi suka sa sunansa a tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai, wadda a da take ɗauke da sunan Jean Rouch.

Kasuwa, da wanda fentinsa ya ƙare

Kada a ruɗi kowa da maganar kuɗi. Masu sayen hoton bango a Yamai tun da can baƙi ne suka fi yawa a cikinsu, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyi da 'yan yawon buɗe ido. Rashin tsaro ya daɗe da rage masu yawon, sannan bayan 2023 wasu baƙin da dama suka tafi. Ofishin jakadancin Faransa ma an rufe shi a Janairun 2024. Wanda ya shiga fentin ruwa da niyyar ya ci abinci da shi cikin wata shida zai sha mamaki. Inda amfaninsa ya fi fitowa shi ne a gefen wata sana'a: tela da ke son nuna wa mai kaya yadda ɗinki zai fito da launinsa, a garin da bikin FIMA na Alphadi ya sa ɗinki ya zama abin alfahari, ɗalibin zanen gini, mai yi wa littafin yara hoto, mai ƙunshi da ke gwada sabon salo. Sannan zane a takarda yana shiga ambulan, kuma ɗan Nijar da ke Lyon ko New York yana iya sayen hoton gadar Kennedy da aka yi da hannu ya rataya a ɗakinsa. Shi ma kansa, a ɗan ɗakin hayar da ba a yarda da wari ko tabo ba, wannan ne fentin da zai iya yi a kan teburin cin abinci.

Idan launi ya ƙare kuma ba a samu a kanti ba, ana iya komawa wurin mai ƙaro a kasuwa. A jiƙa awo ɗaya na ƙaro mai tsabta a awo biyu na ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa zuma kaɗan. A samo jar ƙasa ko rawayar ƙasa, a dama ta da ruwa a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a shanya, a niƙa abin da ya rage ya yi laushi kamar kwalli. A cuɗa shi da ruwan ƙaron a zuba a murfin kwalba ya bushe. Gawayi yana ba da baƙi, shuni yana ba da shuɗi. Launin ƙasa ba ya kodewa, shi ya sa kamfanonin waje har yau suke sayar da shi. Zoɓo da kurkum kuwa suna da kyau ranar farko, amma haske yana cinye su cikin ɗan lokaci, don haka na gwaji ne kawai.

Zumar kada ta yi yawa, domin da damina takan sa fentin ya yi danƙo, kuma kiyashi suna bin ta. Zanen da aka gama a sa shi a leda ko tsakanin kwali biyu, a ɗaga shi sama da ƙasa saboda gara, kuma idan za a rataya, a zaɓi bangon da rana ba ta dukansa.